Nono Ɗaya Muka Sha

Ni haihuwar Maguzawa ne, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba, ko da yake har gobe akwai 'yan unguwar nan da in sun so ɓata mini rai sukan ce da ni tubabbe. Su ce mana. Kakan wa aka haifa da tasbaha a hannu? Ƙauyenmu yana yamma da Zariya, tafiyar yini guda a ƙasa, kuma abu biyu aka san gidanmu da su, noma da waƙa. Rubutun nan da nake yi sai da gemuna ya fara furfura na koye shi, saboda haka wanda ya ga layi ya karkace ya yi haƙuri, hannun cuɗa laka ne.

Na zo Tudun Wada tun tana sabuwa fil, shekarun da Turawa suka gama shimfiɗa dogo, jirgi ya fara kuka a Zariya. An ja igiya an yanka filaye layi-layi, baƙi na ta sauka daga Kano da Katsina da Barno, kowa na neman ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa, ga magina ba su isa ba. Cirani muka zo yi, ni da matata, da niyyar ruwan farko ya mai da mu gona. Na shiga yin tubali a bakin wani kududdufi, ita kuma tana dafa wa leburori burkutu a ɓoye. Damina ta zo ta wuce ba mu koma ba.

Sai na tsaya na faɗi yadda muke da ita, don duk labarin a nan yake. Gidansu yana kallon namu. Wata biyar kacal na ba ta. Uwarta ta rasu ko arba'in ba a yi ba, jaririya na ta tsala kuka ba mai ba ta, sai innata ta tsallaka ta ɗauko ta ta sa a nono, ni dama ita hagu. Haka muka sha har aka yaye mu rana ɗaya, sannan aka mai da ita gidan ubanta. Na san duk Musulmin da ya karanta wannan ya riga ya dafe kai. To mu a ƙauyenmu nono abinci ne, kamar kunu. Mun san dangin uba, mun san dangin uwa, mun san wadda ake aura da wadda ba a aura, amma wanda ya sha nonon wata, godiya ce kawai tsakaninsu. Da muka girma na ce ita nake so, tsofaffi har guɗa suka sa aka yi, suna cewa auren da aka fara tun a zanen goyo ba ya mutuwa.

Shekararmu ta biyu a Tudun Wada wani malami Bakano ya ɗauke ni in gina masa zaure. Dogo ne siriri, maganarsa ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake ji. A wancan zamani in Bamaguje ya yi wa mutum aiki, ƙwaryarsa daban ake ware masa, a ajiye masa abinci can nesa kamar mai kuturta. Shi Malam ran farko da aka fito da tuwo sai ya ce in wanke hannu in matso, muka ci a akushi ɗaya. Bai yi mini wa'azi ba ko sau ɗaya. Yana zaune a inuwa yana karatunsa da safe, ni ina kan katanga ina jera tubali, kunnena na can wurinsa. Ni ɗan gidan waƙa ne, na san abin da murya ke iyawa, amma irin wannan hawa da sauka ban taɓa jin sa ba. Kafin a rufa zauren na ce da shi ina so in shiga. Aka yi mini aski, na yi wanka, aka ba ni sabon suna.

Matata kuwa ta ce allambaran. Ta ce ba za ta bar kan gidan ubanta, wato tsafin da ake yi wa yanka a gidansu, don kawai miji ya ci tuwo da wani malami ba. In za ta shiga, sai ta gamsu da kanta, kuma in ta shiga ba fita. Malam ya ce aurenmu ya tsaya cik, kada in kusance ta sai ta musulunta, in kuma abin ya yi nisa auren ya warware. Na kafa zana a tsakar gida, ni nan ita can, muna jin tarin juna. Kullum da hantsi sai ta tafi wurin uwargidan Malam ta yi ta jero mata tambayoyi, wasu ma baiwar Allah sai ta leƙa zaure ta tambayo. Kwana ashirin da shida muka yi haka. Rana ta ashirin da bakwai na dawo daga kududdufi na tarar ta farfasa tukwanen burkutunta da taɓarya, tana share ɓaraguzan.

Ranar da ta karɓi kalmar shahada Malam ya tambaye mu, a gaban shaidu, ko akwai wata dangantaka tsakaninmu. Na ce babu. Ita ma ta ce babu. Gaskiya muka faɗa iyakar saninmu. Ya ce to aurenmu na nan yadda yake, ya yi mana addu'a, na je na tuge zanan nan na jingine shi bayan ɗaki. Bayan shekaru Malam yakan ce laifinsa ne da bai ambaci nono da sunansa ba. Ni dai ban taɓa ce masa a'a ba.

Cikin shekara guda ta wuce ni fintinkau. Ni ina fama da Fatiha da 'yan gajerun surori, ina cin gyara, ita ta haddace izu biyu a bakin murhu. Ita ke tashe ni sallar asuba da yayyafin ruwa. Har tsiya nake mata, ina cewa wanda ya zo daga baya ya ƙwace limanci.

Abu ɗaya ne ya yi ta cin raina, kewar waƙa. A ƙauyenmu in an gama girbi ana kalankuwa, akwai wani wasa da gidanmu ke yi wanda ba a magana a cikinsa ko kalma ɗaya. Komai da waƙa ne. Miji zai nemi ruwan sha da waƙa, mata ta zage shi da waƙa, a yi faɗa a yi sulhu, a mutu a yi makoki, duk da waƙa, jama'a na amshi. Ubana ne ke tsara shi, ni na gada. Ina cikin laka har gwiwa ina cuɗawa, ƙafafuna na ba ni kiɗa, sai baitoci su yi ta zuwa da kansu. Da na ga za su fasa mini kai sai na ce bari in tsara wasa a kan tubanmu: manomi Bamaguje ya musulunta, matarsa ta ƙi, aka haramta masa ita, kan gida yana ja Malam yana ja, a ƙarshe ta shigo a yi biki. Na je na nemi izinin Malam ina ɗar-ɗar. Ya yi murmushi ya ce ba garaya, ba ganga, tafi da kiɗan ƙwarya sun isa, kuma mace ba za ta tsaya gaban maza ba. Na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, dama a bayan zana matar take a labarin.

Na samo leburori biyu 'yan wajenmu. Ɗaya aka shafe shi da baƙin tukunya aka ɗaura masa ganye ya zama kan gida, ɗaya muka aro masa rawani ya zama malam. Wata biyu muna koyo a tsakar gidana. Baitocin da matar za ta rera a bayan zana su na fi wahala a kansu, kuma su na fi alfahari da su. Ni na tsara su, kalma bayan kalma, ba wanda ya sa mini baki. Ina so a san wannan.

Kwana uku bayan Babbar Sallah, da la'asar sakaliya, muka yi shi a ƙofar gidan mai unguwa. Jama'a ta cika har kan katangu. Mata suna daga cikin soro suna leƙe. Malam na zaune kan buzu a gaba, kusa da mai unguwa. Har wani Bature mai awon filaye ya zo wucewa a kan doki, ya ja linzami ya tsaya shi da tafintansa. Kan gida ya fito yana tsalle yana neman jan zakara, aka yi ta dariya. Na fito na rera tubana, aka yi kabbara. Sannan matata ta ɗauka daga bayan zana:

Ka bar ni bayan zana, ɗan gidan gaba,
Wa zai raba mu, mu da yaye bai raba ba?
Nono ɗaya muka sha, kai dama ni hagu,
Innarka ta goye ni, kai kana kuka a ƙasa.

Kai, muryar nan. Ba ta da ƙarfi, amma tana da wani rawa a ƙarshen baiti da ke shiga mutum har ƙashi. Na ji mata a soro suna jan hanci. Na saci kallon Malam don in ga yadda abin ya kama shi, sai na ga ya sunkuyar da kai, tasbaharsa ta tsaya a hannu. Wasu dattawa biyu a bayansa suka dubi juna. Ni wawa sai na ƙara buɗe ƙirji, na ɗauka daɗin waƙar ne ya kashe musu jiki.

Da aka tashi Baturen ya sa tafinta ya kira ni. Ya ce a ƙasarsu ma akwai irin wannan wasa da ake rera komai, a cikin wani babban soro ake yi, sai dai nasu galibi da mutuwa yake ƙarewa. Na yi dariya na ce a gaya masa namu da biki yake ƙarewa. Ranar ko ƙasa ba na jin ina takawa.

Washegari da hantsi Malam ya aiko kirana. Na tafi ina gyara zaman hula, ina jiran yabo. Na tarar ya sallami kowa, shi kaɗai a zauren da na gina masa. Ya yaba muryarta, ya yaba yadda na tsara tuban manomin. Ya ce mawaƙa mutane ne masu ƙara gishiri, kowa ya sani, kuma ba laifi ba ne.

"Baitin nan na nono," ya ce, "gishiri ne, ko haka abin ya faru?"

Na buɗe baki zan ce wallahi haka ya faru, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce kada in amsa sai na ji abin da amsar za ta jawo. A shari'a, in ji shi, abin da jini ya haramta nono ma ya haramta shi. Macen da ta sha nonon uwarka kafin yaye 'yar'uwarka ce, tamkar ciki ɗaya kuka fito, kuma ba sadaka, ba azumi, ba yankan da ke gyara wannan. Abin da ya wuce cikin rashin sani Allah ba ya kama bawa da shi, amma daga ranar da aka sani, an sani. Ya ce ya ji innata ta rasu, kuma a Tudun Wada ba mai shaida sai bakinmu. In je in yi kwana uku in dawo masa da amsa.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye a kansa ba. Na ce da shi kwana ashirin da shida na yi ina kallon zana saboda maganarsa, na haƙura, ya ce in ta shigo shi ke nan, ga shi ta shigo, yanzu kuma wace sabuwa ce wannan? Na ce matar da na aura shekara tara, na san ta ta san ni, yau za a ce mini ƙanwata ce saboda abincin da muka ci muna jarirai? Na faɗi maganganu da ba za su rubutu ba. Yana ta kallon tabarma har na gaji na fita.

Kwana ukun nan ban ce da ita komai ba. Ta tambaye ni abin da ke damuna na ce ciwon kai ne. Rana ta uku na koma zaure na durƙusa, na ce, "Gishiri ne, Malam." Ya daɗe yana dubana. Ya ce to, Allah shi ne masani, kuma daga ranar bai ƙara tayar mini da zancen ba.

Amma magana zarar bunu ce, kuma a gaban unguwa guda muka zare ta. Mata suka fara yin shiru in ta iso bakin rijiya. Ita ba mai barin abu a duhu ba ce, ta tafi kai tsaye wurin uwargidan Malam ta ce a gaya mata abin da ake ciki, aka gaya mata. Da azahar ina cikin kududdufi sai ga ta da kwanon abinci. Ta ajiye a kan busassun tubali, ba ta tafi ba.

"Me ka ce da Malam?"

Na ce na gaya masa gishiri ne.

"Nonon innarka ne gishiri? Matar da ta raba abincin ɗanta biyu don kada in mutu?"

Na fito daga laka na zauna kusa da ita na yi ta lallashi. Na ce mu tattara mu koma ƙauye yau ɗin nan, can ba mai tambayarmu, gonar ubana na nan, in ya so mu riƙa sallarmu a ɗaki, in ma ba mu yi ba wa zai sani. Na ce ko mu hau jirgi mu tafi inda ba a taɓa jin wasan nan ba. Ta bar ni na gama tsaf.

"In mun koma, Allah bai san hanyar ƙauyenmu ba ne?" ta ce. "Kai ka kawo ni nan. Na gaya maka tun farko in na shiga ba fita."

Ta tashi ta tafi wurin Malam da ƙafarta ta faɗa masa gaskiya. Abin da Malam ya gaya mata shi ne ya jefa mu cikin wata biyu mafi muni a rayuwata. Ya ce tunda miji ya musanta, kuma ba shaida, maganarta ita kaɗai ba ta raba aure. Shi dai shawararsa a rabu, amma ba shi da ikon tilastawa. Wato igiyar tana hannuna. Na ji daɗin wannan, Allah ya yafe mini, na ce ta dawo ɗakinta.

Ta dawo. Ta ɗauko zanan nan daga bayan ɗaki ta kafa shi inda na taɓa kafawa, ta mai da tabarmarta ɗakin girki. Tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, tana gaishe ni safe da yamma, amma ba ta ɗaga ido ta dube ni. Ni kuwa na zama abin da ba na son tunawa. Na daina sallah. Na koma shan burkutu a Sabon Gari, ni da na yi shekara biyu ban ɗanɗana ba, in dawo ina tangaɗi ina rera baitin nan da ƙarfi don maƙwabta su ji. In na hango Malam sai in sake hanya. Kuma ba zan ɓoye ba, don ban zauna rubutun nan don in wanke kaina ba: ina son ta, so irin na namiji da mace, kuma haramcin bai rage komai ba, sai ma ƙara wuta da ya yi. Motsin taɓaryarta kawai in na ji daga bayan zana sai in kasa zama wuri ɗaya.

Wata rana da rana tsaka na dawo ɗaukar magirbi na tarar da ita tana sheƙa dawa. Na zagaya zanan na kama wuyan hannunta. Ba ta fizge ba. Ba ta yi ihu ba. Faifan ya faɗi, ta tsaya idonta a rufe, bakinta na ta istigfari. A nan na gane ita ma abin da ke cina shi ke cin ta, tana dai danne shi ne da ƙarfin tsiya. Da ƙina take yi da abin ya zo mini da sauƙi. Na sake ta na fita, na bar magirbin a nan.

Daga ranar ta shiga azumi, yau ta yi gobe ta sha, daga baya ma ta daina sha. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Uwargidan Malam ta gani ta kai kuka, Malam ya kai wa mai unguwa, aka sa mana rana.

A zauren Malam aka zauna bayan sallar azahar. Mai unguwa mutum ne mai gajen haƙuri, ga shi abin ya dame shi don a ƙofar gidansa aka yi wasan. Ita tana zaune daga bakin ƙofar cikin gida, a lulluɓe. Mai unguwa ya ce shi bai ga abin wahala a nan ba, mutum biyu sun faɗi magana biyu, ɗaya ƙarya yake. Ya sa aka ɗauko Alƙur'ani a cikin gafaka, aka ajiye a gabana.

"Ka dafa ka rantse ƙarya take yi," ya ce, "ka ɗauki matarka ku tafi, kada in ƙara jin zancen nan a unguwata."

Mutane sukan so in ce tsoron Littafin ne ya kama ni. Ba haka aka yi ba. Na fita na yi alwala, ta farko cikin wata biyu, na dawo na durƙusa na miƙa hannu. Na riga na yanke, in wuta ce in shiga, in dai da ita zan koma gida. Malam ya kau da kai. Sai muka ji muryarta daga bakin ƙofa.

"Kada ku bar shi ya dafa. Na janye. Ku ce ni ce na yi ƙarya, zan bi shi."

Mai unguwa ya ce to madalla, magana ta ƙare, ya fara neman takalmansa. Ni kuwa hannuna na nan a sama. Na san matar nan tun ba mu da haƙora. Na san abin da ta ɗauka a kanta da wannan magana: ta yarda ta koma cikin abin da ta tabbata zunubi ne, ta yarda unguwa ta kira ta maƙaryaciya, don kada in hallaka kaina da rantsuwar ƙarya a gabanta. Na samu abin da nake nema, an miƙo mini shi a hannu, sai na ji ba zan iya ɗauka ba. Na janye hannuna.

"Ba ta taɓa ƙarya ba," na ce. "Innata ta shayar da mu, mu biyu, har yaye."

Malam ya goge ido da bakin rawaninsa. Ya ce auren ya warware, ba saki ba ne, ba laifin kowa. Ta tashi ta shige cikin gidan, a nan ta yi idda wurin uwargidansa. Na koma gida ni kaɗai na tarar da tuwon da ta tuƙa mini kafin mu fito, a rufe da faifai, da sauran ɗuminsa.

Na koma sallah. Ba don na ji wani daɗi a zuciyata ba, ban ji ba, na daɗe ban ji ba. Abin da na bayar saboda addinin nan ne ya yi yawa da zan juya masa baya. Da wata Sallar ta zagayo samari suka zo wai a maimaita wasan bara, na bi su da magirbi har bakin layi.

Bayan shekara guda wani baduku Bakano da matarsa ta rasu ya nemi aurenta. Mutum ne mai sanyin hali, mai tsoron Allah. Na bincike shi ciki da waje ina neman aibi ban samu ba, abin ya ƙara ba ni haushi. Malam ne waliyyi, amma da aka tambaye ta ta ce a zo a gaya mini, in ban yarda ba ta fasa. Kuma tunda ba ta da wani nata Musulmi a garin nan sai ni, wurina aka kawo goron gaisuwa. Badukun nan ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a gabana yadda ake yi wa surukai. Na ce Allah ya sa alheri. Ni na raba goron da hannuna, gida-gida, ana yi mini barka.

Ya sa ta a kulle, yadda masu hali ke yi. Ba namijin da ke shiga wurinta sai wanda aure ya haramta tsakaninsu, kuma a duk faɗin Zariya mutum ɗaya ne wannan, wato ni. Na yi wata biyu ban taka layinsu ba. Sai ga badukun da kansa a bakin kududdufi wata Juma'a, yana ƙorafi a hankali, wai ina yanke zumunci, wai tana ta tambaya ko lafiya nake. Bawan Allah da zuciya ɗaya yake magana. Ya tsaya na wanke laka, ya sa ni gaba har gidansa, ya ɗaga labulen zaure ya ce in shiga, ai gidana ne.

Ta fito daga ɗaki da kwanon ruwa. Ta yi ƙiba kaɗan, ta yi lalle. Fuskarta a buɗe, don ba dalilin rufe mini ita. Ta durƙusa ta ajiye ruwan a gabana, idonta a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Yaya."

Mijinta na tsaye a gefe yana murmushi, yana jiran in amsa. Na ce, "Yawwa, sannu, ƙanwata." Na ɗauki ruwan na sha.

Shekara talatin da ɗaya ina zuwa gidan nan duk Juma'a, har ranar da aka fito da ita a makara, kuma ban taɓa ɗaga labulen zauren da zuciyar ɗan'uwa ba ko sau ɗaya. Allah ya sani, ita ma ta sani.